Sandar da Ta Bi Ruwa

Ko na yi ritaya ba zan manta da ranar da na kafe Darakta a taɓo ba.

Lokacin ina safiyo, mai awon ƙasa, a mataki na takwas na aikin gwamnati, aka ba ni wani dam tsakanin Kazaure da Roni. Mun yi wata guda muna zagaya shi a kwalekwale mai inji, muna auna zurfinsa lungu-lungu, muka zuba komai a wata manhaja ta kwamfutar hannu. Kullum sai ka gaya mata inda ruwa ya tsaya, ita kuma ta nuna maka inda jirgi zai wuce da inda zai kafe. Lambar da ake ba ta daga sandar awo take fitowa, doguwar sanda mai zane-zane da aka kafa a bakin dam. Mai karanta ta Baba Ɗanlami ne, tsohon masunci da muka ɗauka aikin wucin gadi. Kowace safiya ya bugo mini waya, ni kuma in shigar da lambar ina kurɓar shayi a ofis.

Da rani ya yi nisa, Darakta ya ce zai zo ya gani da idonsa. Muka shiga jirgi, ina gaba riƙe da kwamfuta, sai ji da kai nake yi. Baba ya ce, "Malam, nan gefen ba a bi yanzu." Na ce, "Baba, na'ura ta ce mita biyu." Ya ce, "To, Allah ya ba na'ura sa'a."

Ba mu yi nisa ba jirgi ya yi turus, inji ya tono taɓo ya watsa wa farar rigar Darakta. Can gabanmu, inda taswira ta shafa shuɗin ruwa, wani bawan Allah ne yake ban ruwan albasarsa, har da ɗago hannu yana yi mana sannu da zuwa. Muka naɗe wando muka yi ta turi. Darakta bai sauka ba, kuma ba ƙaramin mutum ba ne.

Da muka fito ya ce a kai shi wurin sandar. Muka iske gurbinta a tudu, awaki suna kiwo a gefe, ita kuwa tana can tsaye cikin ruwa.

"Wa ya matsar da ita?" in ji Darakta.

"Ni ne, ranka ya daɗe," in ji Baba. "An ce in riƙa duba ruwa a jikinta. Ruwa ya ja ya bar ta, sai na tuge ta na bi shi da ita. Sau uku ke nan. Ai kayan gwamnati bai kamata ya zauna a banza ba."

Ashe duk inda ya kafa ta ruwa iya ƙugunta yake, manhaja kuwa tana ta ɗauka dam a cike yake.

Darakta ya juyo gare ni. "Rubuta masa takardar sallama yau."

Na san da wannan aikin Baba yake riƙe gidansa. Kunya kuma ta kama ni. Wata uku lamba ba ta sauka ba a tsakiyar rani, ban taɓa tambayar dalili ba. A ƙa'ida ma jerin sanduna ake kafawa har ƙasan gangare, ni kuwa guda ɗaya tak na kafa na koma Kazaure.

Na ce, "Yallaɓai, laifina ne. Ban taɓa yi masa bayanin aikin sandar ba."

Ya dubi rigarsa, ya dube ni. "To, kai za ka amsa takardar tuhuma."

Na amsa, ƙarin girmana ya makara shekara guda, Baba ya ci gaba da aikinsa. Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin ma'aikata, na'ura duk abin da aka faɗa mata yarda take yi, ku ne za ku taka ku je wurin mai faɗar. Da na je ba Baba haƙuri, dariya ya yi.

"Malam, kullum sai ka ce mini 'nawa ne?' Da sau ɗaya ka ce 'yaya ruwa?' ai da na gaya maka ya tafi."