Kwalbar Tokar Gwaggo

Shekarar da na kammala digiri ina zaune a unguwar Fallowfield a ƙasar Turawa, kowace Asabar kuma nakan je unguwar Gorton in koya wa yaran mutanenmu Hausa. Wani mako suka zo da darasin makarantarsu a kan dabbobin da babu su yanzu a duniya, suka nemi in faɗa musu yadda ake kiran wannan abu da Hausa. Na ce zan nemo musu.

Na tambayi manya bayan sallar Juma'a. Wani likita ya maimaita mini kalmar Turanci, ya ce ai kowa ya gane. Wani dattijo mutumin Ghana ya ce in ce sun mutu, in huta. Ban gamsu ba, domin abin da ya mutu yakan bar na baya. Ɓacewa ma ba ta yi mini ba, tunda abin da ya ɓace ana sa ran ganinsa. Kwana huɗu ina fama, raina a ɓace.

Ranar Laraba na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham domin gaida Gwaggo, yayar mahaifina, a unguwar Edgbaston. Tana da wani jan wake da ta gada wurin mahaifiyarta. Kowace shekara takan shuka shi a ɗakin gilashi na bayan gida, ta ware cikin tafi guda ta binne a toka cikin kwalba saboda ƙwari, yadda ake yi a ƙauyenmu. Ba a taɓa dafa na kwalba.

Na tarar da ita zaune tana duban inda take ajiye kwalbar, babu komai a wurin. Ashe ɗanta, akanta ne haifaffen nan, ya gyara ɗakin girki, ya ga kwalba cike da toka, ya jefa a shara. Motar shara kuwa ta kwashe tun Litinin. Sauran waken an riga an cinye.

Na ce a buga waya gida a aiko da wani. Ta ce ta buga. Kowa ya koma irin zamani, har jikokin maƙwabtansu.

"Ɗana, iri ya ƙare ke nan," in ji ta.

Daga bakin manoma maganar ta fito, waɗanda suka san cewa idan na ajiya ya tafi, babu shukar baɗi. Ranar Asabar na rubuta "ƙarewar iri" a allo. Wata yarinya ta tambaye ni da Turanci ko akwai inda ake sayar da waken. Na ce mata babu.