Haruffa Shida a Kan Faranti

Na ga abubuwa a rayuwata. Na koro shanu da ƙafa daga kasuwar Maigatari, na karye a kan babur, na binne mutane da hannuna. Yawancin abubuwan nan na bar su a baya. Amma ranar da na ɗauko maganar wani mutum a kan faranti ta zube mini a hanya, ita kam tana tare da ni har in koma ga Mahaliccina.

A lokacin ina acaɓa a Gumel. Maƙwabcina wani dattijo ne Kirista, mutumin Filato, wanda aikin gwamnati ya kawo shi tun yana saurayi, ya yi ritaya bai koma gida ba. Oga muke ce masa. Babu abin da yake so kamar wani wasan haɗa kalmomin Turanci. Allo ne mai gidaje kamar na dara, da ƙananan ƙwayoyi, kowacce da harafi a jikinta. Da la'asar abokansa sai su taru a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, ana jera ƙwayoyi ana musu. In wani ya ce wannan ba kalma ba ce, Oga ya jawo wani ƙaton ƙamus ya karanto ma'anarta, musu ya mutu. Ni ban yi boko ba, ko sunana ba na ganewa a takarda. In na dawo aiki nakan tsaya in ce, "Oga, yau ma ana ta dara babu riba?" Shi kuma ya ce, "Maƙwabci, je ka wanke babur ɗinka."

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Hannun dama ya mutu, baki ya karkace, magana ta tafi. Hannun hagu ba ya riƙe biro, amma yana iya tura ƙwaya. Da haka yake magana da matarsa: ta ɗora masa faranti a cinya, ya jera haruffa, ta karanta. Abokan wasa suka yi ta zuwa dubiya, daga baya ƙafa ta ɗauke.

Wata ranar kasuwar Maigatari matar ta tafi sayar da atamfofinta, ta roƙe ni in riƙa leƙa shi. Da azahar na shiga na tarar numfashinsa ya sauya. Ya jera ƙwayoyi shida a faranti. Ya ƙwanƙwasa farantin da yatsa, ya nuna mini ƙofa. Na kira matar, waya ba ta shiga, domin a bakin iyaka waya takan kama layin Nijar ta bar namu.

Na ɗauki farantin na nufi wurin mai kemis ɗin bakin layinmu, shi ya yi sakandare. Ban kai ba wani mai adaidaita ya kwaso gudu, na kauce, ƙafata ta zurma kwata, ƙwayoyin suka watse. Na tsince su, na hure ƙasar jikinsu, na ƙirga, shida cif. Na mayar da su faranti hankalina kwance. A tunanina saƙo kamar goro ne, in adadi ya cika an isar.

Mai kemis ya duba ya ce wannan ba Turanci ba ne, ba kuma Faransancin mutanen Damagaram ba. Na gaya masa sun zube ne na mayar. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya shiga jujjuya su, ya kai wannan gaba ya dawo da wancan baya. Can sai ya tafa hannu. Haruffan sun ba shi sunan wannan lemon mai koriyar kwalba.

"Baba, lemo yake so," in ji shi. "Wannan zafin ai ko mai lafiya sai ya nema."

Maganar ta shige ni. Na karɓi mai sanyi na koma da farantin, na buɗe na kai bakin Oga. Ya kawar da kai. Na sake kaiwa, ya ture kwalbar da bayan hannu. Sai na ga hawaye na gangarowa ta gefen fuskarsa mai lafiya. Ranar da ciwon ya kayar da shi ni na ɗauke shi zuwa asibiti, ban ga hawayensa ba. Ya jawo farantin ya fara jerawa daga farko, a hankali. Na tsaya har ya gama.

Wannan karon ban taɓa farantin ba. Na koma na kama wuyan hannun mai kemis. Ya ce shagon fa? Na ce shago ba ya mutuwa. Na jawo shi har gaban gadon. Ya sunkuya ya karanta, dariyar nan ta ɗauke.

"Firist ya rubuta," ya ce da ƙaramar murya. "Fadan cocinsu yake nema."

Haruffan Turancin nan shida dai da suka ba da sunan lemo, babu ƙari babu ragi, jerinsu ne kawai ya sauya. Ba a yi mini dogon bayani ba. Mutumin da yake neman malaminsa da wannan numfashi ya san abin da yake ji a jikinsa.

Na tada babur na je cocin, aka ce Fada ya tafi Gagarawa Tasha duba mutanensa. Na bi shi. Na same shi zaune ana zuba masa abinci, ya dubi hulata da gemuna yana jiran bayani. Na ce Oga na Gumel ne yake kiran sa, ya hau mu tafi. Ya tambaye ni yadda mutumin da ba ya magana ya yi kira. Na ce a hanya zai ji. Ya ajiye cokali, ya ɗauki 'yar jakarsa, ya tattare farar rigarsa ya hau. Da muka shigo gari abokan acaɓa suka hango mu daga tasha, wani ya ɗaga murya yana tambaya ko na sauya alƙibla ne. Na wuce da shi kai tsaye gidan Oga.

Fada ya shiga, ni na tsaya waje na yi sallar la'asar. Da ya fito sai ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Na leƙa na ga Oga ya lumshe ido, fuskarsa ta saki. Matarsa ta dawo ta same shi da rai. Washegari da hantsi ya cika.

Saura kaɗan in sallami mutum daga duniya da kwalbar lemo, kuma da kyakkyawar niyya. Tun daga ranar, in aka ba ni saƙo nakan kai shi yadda aka jera mini, na gaba a gaba, na baya a baya. In kuwa ya fi ƙarfin sanina, ba na ɗaga shi daga inda mai shi ya ajiye. Nakan je in kawo wanda zai gane.