Gayyar Gonar Baba

Bayan Baba ya warke daga tarin fuka, sai funfuna ta samu wurin zama a huhunsa, irin wadda ke kama hatsin da ya sha laima. A asibitin Madawa likita ya rubuta masa ƙwayoyin da zai daɗe yana sha. Ni na yi tafinta, tunda ni ne ɗan lakwal na gidan, mai karatun boko. Maganin zai tsare huhun, in ji likita, amma yana sa rana ta riƙa cin fata, kuma in abin ya daɗe yana iya zama ciwon daji. Dole ya rufe jiki, ya zauna a inuwa.

Baba ya dubi bayan hannunsa ya ce, "Wagga hwata ce rana za ta ci? Ai ta makara."

Da damina ta faɗi, mutanen ƙauyenmu da ke bayan Tabotaki suka haɗa masa gayya don ya huta. Alheri suka nufa. To amma a wajenmu mai gayya ba ya zaman inuwa jama'a na duƙe a gonarsa. Bai taɓa hauya ba, wannan kam ya kiyaye. Sai dai ya wuni yana bin kunya-kunya da ƙwaryar fura, yana yi wa kowa sannu da sunan ubansa. Malafar da na sayo masa a kasuwar Buza tana rataye a bayansa, wai ba a godiya da fuska a ɓoye.

Gayya kuma biki ce, in an yi maka sai ka rama. Duk wanda ya zo tasa, Baba ya je tasa ya ɗauki ruwa. Da shi kaɗai ya yi nomansa, da bai sha rabin ranar da ya sha ba.

Fuskarsa ta yi ta saɓulewa, leɓensa ya tsage. Inna ta shafa masa man shanu. Na yi faɗa a waya daga Madawa inda nake koyarwa, na yi faɗa a gabansa, daga baya na gaji na bari. Damina ta bi damina a haka.

Wani ƙurji ya fito a kunnensa na dama ya ƙi warkewa. Aka yanki kaɗan aka aika Yamai don gwaji. Ranar da likita ya faɗi sakamakon, cewa dajin ne, na jira in ji tsoro ko haushi, ban ji komai ba. Na fassara wa Baba kalma-kalma kamar ina yi wa yara dikte, wato shifta. Aka cire rabin kunnen, aka canza maganin, aka ce shi da rana kuma sun rabu har abada.

Da shuka ta isa noman fari, ƙanensa ya zo zaure da dattawa.

"Yaya, mun yanke magana. Za mu yi maka noma, kai ko ka zamna gida. Ba wanda za shi ga laihinka."

Baba ya gyara rawanin da yanzu yake rufe kunnen da shi.

"In ba ni zuwa taku, kar ku taho tawa."

Suka roƙa, ya ƙi. Sun san shi, ba su je ba. Da zan koma Madawa na bi ta bakin gonar a kan babur. Ciyawa ta riga ta fi geron tsawo. Ban tsaya ba.