Walkin Tsoho da Zanen Iya

Shekaranjiya autata ta shigo tsakar gida tana dariya har da riƙe ciki, ta tura mini salula a fuska, wai in ga ikon Allah. Wasu Turawa ne, ƙarti da gemunansu, kowa ya ɗaura ɗan zane iya gwiwa, ƙwauri a waje, suna tafiya a jere suna busa wata irin algaita mai salka. Ta ce wai a ƙasarsu har masu tsaron doka haka suke fita ranar biki. Na kalla, na miƙa mata abarta, na ci gaba da tankaɗe. Ta ce, "Inna, ke ba ki ga abin dariya ba?" Na ce mata ni na taɓa ganin namiji da zane, kuma ranar babu wanda ya ƙarasa dariyarsa.

Namijin nan kakana ne, uban babana. Duk gidan Tsoho muke ce mishi. Ƙauyenmu yana can wajen Birnin Lalle, kuma a zamanin da nake ba ku labari jandarma, 'yan sandan gwamnati, abin gani ne. Suna Dakoro, mu muna daji, in motarsu ta shigo gari to lalle an yi abin da ya fi ƙarfin baki. Sauran rigingimu kuwa, faɗan rijiya, satar awaki, ɓarnar dabbobi a gona, duk a wuyan Tsoho suke, don shi ne dogarin hakimi. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: in shanu suka shiga gona, zagayawa ɗaya yake yi ya faɗi abin da aka ci, manomi da makiyayi kowa ya yi shiru.

Dogaran manyan sarakuna jan riga gare su da rawani. Tsoho kuwa walki ne kayan aikinsa, gadon ubansa maharbi. Fatar bunsuru ce da aka jeme, a ɗaura ta a ƙugu ta sauko har gwiwa, ta yi baƙi da man shanu da zufar shekaru. Har yau in na bi ta layin dukawa ranar kasuwa, warin nan ya buge ni, sai in ji gabana ya faɗi. A jikin bangon ɗakinsa yake rataye shi, kuma ko kaza ba ta isa ta hau kusa ba.

Ga dokar walkin. In yana cikin riga, Tsoho tsoho ne kamar kowa, mai tsokana, mai raba goro, ba ya kama ko ɓarawon ƙwai. An taɓa yin wani da ake nema kan satar tunkiya, ya iske shi cikin riga a gindin gawo, ya zauna suka ci goro tare har da hira. Washegari Tsoho ya je mishi da walki ya ɗaure shi tamau. Don in ya ɗaura fatar nan, ba ya shan ruwan gidan kowa, ba ya amsa wasa, ba ya sanin suruki. Yakan ce, "In na ɗaura walki ba ni da ɗa, ba ni da ƙane." Mu yara har gori muke yi wa 'yan unguwa da wannan magana. Kai, yaro bai san wuta ba sai ya taka.

Ni ce jikarsa ta farko, saboda haka ni ce amaryarsa. In ya dawo gona sai ya ce, "Amarya, ina furata, ko in sake ki yau?" Ni kuma in murguɗa baki in ce ba na son ango mai furfura. Kakata, Iya, takan ce mu yi mu gama, ita ta gaji da shi tuntuni.

Babana shi ne ɗan farin Iya, kuma shi kaɗai ne namiji a cikin ɗiyanta. Kun san kunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba. In zai wuce sai ta kau da kai, in ya gaishe ta sai ta amsa wa bango. Ni a tunanina na yarinta ba ta ma son shi.

Shekarar da abin ya faru, ruwa ya ɗauke da wuri, hatsi ya tsaya bai gama ido ba. Ɗan abin da Baba ya samu ya yanke ya ɗaure, ya jingine dammunan a gona kafin a kwaso. Ba a kai ga sakin gonaki ba, wato ranar da hakimi ke shela cewa girbi ya ƙare, dabbobi su shiga su ci kara. Amma daji ya bushe, masu raƙuma sun gangaro daga arewa tun kafin lokaci, sun sauka bayan tudu. Wata safiya Baba ya je ya iske raƙuma a kan dammunansa, sun watsa zangarniya, sun ci, sun tattake.

Abin da aka sani shi ne ka kora dabbar zuwa ƙofar hakimi, ka kira Tsoho ya auna ɓarna, a biya ka. Baba ya san wannan fiye da kowa, a gidansu ake yi. Amma Baba mutum ne mai zuciya, kuma abincin shekararmu ne ya gani a ƙasa. Da gatari a hannunsa. Ya datse wa wata taguwa agara, ta durƙushe tana kuka. Mai ita, wani dattijo, ya sheƙo da gudu ya riƙe mishi hannu, Baba ya juya ya kwaɗa mishi ƙota a ka. Ya dawo gida da jini a riga, ya shige ɗakin uwata ya zauna. Ina riƙe da ƙwaryar koko, na kasa sha.

Kafin hantsi ya dubi ludayi labari ya cika gari. Dattijon yana kwance ba a san ko zai tashi ba, danginsa sun taru bayan tudu bisa raƙuma da takubba. Hakimi ya aiko cewa a fito da wanda ya yi, a kai shi ga hukuma kafin azahar, in ba haka ba mutanen nan sun ce za su shigo su ɗauka da kansu. Tsoho bai buƙaci bin sawu ba. Ya miƙe, ya shiga ɗakinsa, ya fito hannu wayam. Walki ba ya bango.

Iya tana daka a tsakar gida, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Ina walkina?"

"Ni ka ba ajiya?"

Ya koma ya birkice ɗaki, ya ɗaga tabarma, ya leƙa randa, ya leƙa akurki. Sa'annan ya dawo ya tsaya a kanta. Iya ta jingine taɓarya. Ta ce, "Malam, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yau riga gare ka. Zauna ka zama uba ko na yini guda ne, a buɗe mishi bayan danga ya tahi." Ranar na fara jin Iya ta yi magana a kan Baba. Ashe duk kau da kan nan, so ne take dannewa.

Tsoho ya ce, "In ya fita ta bayan danga, su ta ƙofa za su shigo. Sa'annan ɗiyan wa za ki ɓoye?"

Ta ɗauki taɓaryarta. Ita ta san mijinta: ba walki, ba kamu. Ta ɗauka ta gama da shi.

A kan danga akwai zanenta da ta shanya, baƙin saƙi mai ratsin fari, wanda take zuwa suna da shi. Tsoho ya dube shi ya daɗe. Sai ya tuɓe rigarsa ya ninke, ya jawo zanen nan ya ɗaura a ƙugu, ya naɗe shi iya gwiwa, ya ɗauki sandarsa da igiya. Taɓarya ta kuɓuce wa Iya. Wallahi har yau ina jin ƙarar faɗuwarta.

Baba bai jira an kira shi ba. Ya fito ya miƙa hannuwansa biyu, kansa a ƙasa, ubansa ya ɗaure su irin ɗaurin da yake yi wa kowa, bai sassauta ba. Na ruga na rungume ƙafar Tsoho ina kuka, ina cewa, "Ango, ni ce fa, ka bar mini Babana, zan dama maka fura kullum." Bai dube ni ba. Ya zare ƙafarsa a hankali ya wuce. Da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Bai bi ta lungu ba, ta tsakiyar gari ya bi. Yara suka fara ganin shi, suka kwashe da dariya, ga Tsoho da zanen mata! Wasu samari a bakin rumfa suka taya su. Sai idonsu ya kai ga igiyar, ya kai ga wanda ke ƙarshenta, dariyar ta mutu a baki. Mata suka leƙo ta danga suka rufe baki da hannu. Dattawan ƙofar masallaci suka sunkuyar da kai, liman yana ta salati. Ni ina biye da su a baya, babu wanda ya tuna ya kore ni.

A bakin rijiya na tsaya, daga nan ana hango tudu. Tsoho ya ja ɗansa kai tsaye zuwa ga masu takubba. Na ga sun yi cirko-cirko. Can sai babbansu ya durƙusar da raƙuminsa ya sauko, ya cire mayafin kafaɗarsa ya miƙa wa Tsoho don ya rufe jiki. Tsoho ya girgiza kai. Ɗaya bayan ɗaya suka sauko, suka buɗe hanya. Haka uba da ɗa suka taka a ƙasa har Dakoro, cikin ranar nan mai ƙuna. An ce jandarman bakin ƙofa ya fara dariya, da ya ji wane ne aka kawo sai ya miƙe tsaye.

Dattijon ya tashi, Allah ya yi da sauran kwanansa, sai dai taguwar yanka ta aka yi. Ba a ƙona rumbu ko ɗaya a garinmu ba, ba a sake zubar da jinin kowa ba. Baba kuwa aka yi mishi shari'a aka kai shi gidan kaso can birni. Tsoho ya dawo ya mayar da zanen kan danga. Iya ba ta sake taɓa shi ba, yana nan har rana da ruwa suka cinye shi. Walki bai fito ba. Hakimi ya ce a sa dukawa su yi wani, Tsoho ya ce a bar shi, a nemi wani dogarin. Tun daga ranar Iya takan ajiye mishi tuwo ta juya, gida ɗaya ba magana. In ya ce mini amarya, sai in yi kamar ban ji ba.

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo, sa'annan Baba ya dawo. Da ƙyar na gane shi. Ya rame, zuciyar nan duk ta kwanta, ga wani tari da ba ya barin shi barci. Kullum da safe yakan je ya durƙusa ya gaida ubansa kamar ba a yi komai ba. Sau ɗaya na ce mishi ni ba zan yafe wa Tsoho ba. Ya ce, "Kul, kar in sake ji. Ni na ɗebo da zafi." Aka yi na likita, aka yi na gargajiya, tari ya ƙi. Bai ga girbin shekarar ba.

Da aka dawo daga kai shi makwancinsa, maza suka zauna bisa tabarmi a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa. Uwar ɗan fari ko kuka ba ta yi a gaban mutane, haka al'ada take. Sai ga Iya ta fito har tsakiyar maza, ba mayafi, idonta a bushe. Tana riƙe da walkin, ya ƙandare, duk ƙaiƙayi a jikinsa. Ashe a ƙasan rumbunta yake tun ranar. Ta yar da shi a gaban Tsoho. Ta ce, "Ga shi, ɗaura. Yau kam ba ka da ɗa."

Tsoho ya ɗora hannu a kan fatar yana shafa ta, hawaye na bin gemunsa. Ban taɓa ganin ya yi kuka ba sai ranar. Ni da na rantse ba zan ƙara kula shi ba, na je na zauna a gefensa. Bai ce mini amarya ba, kuma bai sake faɗa ba har ya bar duniya.

Yanzu komai ya sake. Jandarma na da mota da babur, in an yi faɗa a gona kafin jini ya bushe an buga waya. Doka ta koma hannun baƙo, wanda aka turo daga wani gari, bai san uwarka ba bai san ubanka ba, ya kama ka ya koma ya ci tuwonsa lafiya. Wataƙila hakan ya fi. Na girma, na haifa, na san abin da Tsoho ya tsare ranar nan. Yawancin tsarata da ke raye a ƙauyenmu, a bayan zanen nan suka tsira. Na sani sarai. Amma ubana ne aka ja da igiya, kuma har yau in na tashi yi musu addu'a su uku, Tsoho da Iya da Baba, sai in rasa wanda zan ce ya yi kuskure.

Babban ɗana jandarma ne, Allah bai tambaye ni ba ya yi ikonsa. In ya zo gaishe ni cikin kaki, a zaure nake tsayar da shi, sai ya tuɓe ya sa riga kafin ya shigo. Yakan yi dariya ya ce tsufa ne ya fara taɓa ni. Oho, ya ce abin da ya ga dama. Ni dai ba na ba shi ruwa sai na tabbata ɗana ne ya zo.