Ajiya a Hannun Gizo

Ba mu da murhu a Gaithersburg, garin ƙetare da muke zaune, hita ce mai ɗumama ɗaki a jikin bango, kuma a gindinta Iya, kakarmu ta wajen uba, take shimfiɗa darduma bayan magariba ta yi mana tatsuniya. Ina shekara goma Baba ya shigo da wani ɗan akwati mai allo da madannai. Ba kwamfuta ba ce, aika wasiƙa da karɓa kawai ya iya. A layin wayar gida ake jona shi, ya yi ta ƙara kamar an taka wa kyanwa wutsiya kafin ya kama.

Iya ta tambayi amfaninsa, Baba ya ce na shiga yanar gizo ne. Wallahi da ya sani da bai ambaci sunan nan ba.

"Gizo? Gizon da na sani?" Ta gyara zama. "Shi ka kawo mini har ɗaki?"

Tun ranar ba ta fara tatsuniya sai ta lulluɓe akwatin da tsohon zaninta, wai yana jinmu. Ni kuwa uwar wayo, Hausata ta fara gudu, ina tsoron tatsuniyoyin su bi ta. Sai na riƙa buga su a ɓoye in na dawo daga makaranta, in aika wa kaina. Da na ga sun zauna daram, na daina wahalar haddacewa.

Ƙanwata ce ta tona ni. Iya ba ta yi faɗa ba, sai da yamma ta ba mu wata sabuwa. Wai Gizo ya saƙa ƙatuwar yana, ya ce mutanen gari su kawo waƙoƙinsu da sunayen kakanninsu ya ajiye musu, ai kai yana gajiya. Suka kai, suka huta, suka manta. Rannan aka wayi gari ya naɗe yanarsa ya yi gaba. Da aka yi haihuwa, aka rasa sunan da za a raɗa wa jaririn.

Ta murɗe mini kunne. "Wannan kam kada ki ba shi. A kanki nake son ta."

A raina dariya na yi, amma kunnen ya ji jiki, ban buga ba.

Bayan rasuwarta na je karanta tatsuniyoyinta. Akwatin ya yi ƙararsa, bai kama ba. Ashe kamfanin da ya yi akwatin ya daina aikin, kuma wasiƙun dama ba a cikin akwatin suke ba, can suke wurinsu. Na yi kukan da ko ranar jana'iza ban yi ba.

Har yau nakan ce Iya ta yi kuskure, akwatin ba ya ji. Sai dai ni na kai masa ajiyar da hannuna. Yanzu in 'ya'yana suka ce in yi musu tatsuniyar Iya, guda ɗaya gare ni. Kafin in fara kuwa, sai sun tara wayoyinsu na lulluɓe da ɗankwalina.