Motar Datti Mai Ƙanshin Kuka

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanyar Kademi da safiyar ranar kasuwa ya san motar Datti. Doguwa ce, tsohuwa, fentinta na asali ya daɗe da yin bankwana, yanzu launinta na ƙasar gona ne. Kafin ka gan ta za ka ji ta, tana tafe tana gyaran murya kamar mai shirin yin wa'azi. Ni sunana Zuhra, taubashiyarsa ce ni, babana da babarsa ciki ɗaya suka fito. Saboda haka ina da izinin faɗin duk abin da na ga dama a kansa, kuma zan faɗa. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa nake kaiwa kasuwar Gaya, wani lokacin har Ajingi, kuma tun ina da sauran ƙarfi a bayan motar nan nake zama.

Datti dogo ne siriri, ba ya sauri a komai. Ko amalanken shanu ya tarar a gaba sai ya yi wa mai shi sallama, ya bi bayansa har Allah ya kawo fili. Yana noma ɗan gero da wake kamar kowa, amma ransa a motar yake. Da babura da adaidaita suka cika hanya, masu hanzari suka gudu suka bar shi da mu, tsofaffi masu kaya da ciwon gwiwa. Mu kuwa ba inda za mu.

Kujerar gaba ta matarsa ce, Hanne. Daddawa take kaiwa kasuwa, ta dawo da kayan miya. Zafin inji yana damun ƙafarta, sai ta shimfiɗa tsofaffin buhuna a ƙasa, ta ɗora wata darduma mai kauri a kai. A nan take zama tana koya masa tuƙi, ita da ba ta san birki ba balle giya.

"Malam, rami," in ji ta.

"Na gan shi."

"Ai shi ma ya gan ka."

Haka suke yi a kowane rami, mu a baya muna dariya kamar yau muka fara ji. Miyar kukarta kuwa, ni mace ce, ba na son yabon girkin wata, amma in Hanne ta kaɗa kuka har maƙwabta sai sun sami dalilin shigowa aron ludayi.

Bara waccan, bayan an gama girbi, ta dawo daga kasuwa tana cewa kanta na sara mata. Ba ta daɗe a kwance ba Allah ya karɓi abarsa. Datti ya yi haƙuri, ya karɓi gaisuwa, ya koma hanya. Abu ɗaya kawai ya yi. Ya ninke mayafinta ya ajiye a kan kujerar, ya kulle ƙofar gefenta, bai ƙara buɗewa ba. Ko mun cushe a baya kamar buhunan albasa, ba wanda ya isa ya ce a ba shi gaba. Ni da bakina ba ya shiru, a kan wannan dai na kama shi.

Da bazarar bana motar ta soma shan ruwa. Zai cika lagireto a Kademi, kafin mu hango Gaya allurar zafi ta miƙe tsaye. Ya riƙa yawo da jarka. Sai ya yi abin da tsofaffin direbobinmu suka gada: ya ɗebo garin kuka ya zuba a lagireto, don yauƙinta ya toshe kafar da ke yoyo. Ba ta toshe ba, ya ƙara. Na ce masa saura daddawa da gishiri, mu kawo tuwo. Ya share ƙasan inda yake ajiye ta tas da tsintsiya, ya ce ɗigo zai nuna kansa. Gari ya waye, ƙasa a bushe, sai sawun kaji.

Ya kai ta wajen Sadisu, bakanike ne a Gaya, garejinsa ƙarƙashin wata darbejiya. Ina zaune a kan benci ina jiran a gama. Sadisu ya matsa kowane tiyo da hannu, ya duba murfin lagireto, ya leƙa famfon ruwa. Ya zaro sandar gwada baƙin mai ya nuna mana, ya ce da ruwan cikin inji yake shiga, da man ya yi fari kamar kindirmo, ga shi kuwa baƙi wuluk. Ya sa aka tayar, ya tsuguna a bakin salansa, babu farin hayaƙi.

"Baba, ruwa ba ya ɓata haka kawai," ya ce. "Akwai inda yake bi. Ni dai ban gan shi ba tukuna."

Abin mamaki, motar tana lalacewa, mai ita yana warkewa. Datti ya soma fitowa da wuri, yana ɗan murmushi shi kaɗai. Da ruwan farko ya sauka, safiya ta yi sanyi, sai na lura in mun ɗan yi nisa wani hazo yana kwanciya a cikin gilashin gaba, a gefen Hanne kawai, yana hawa a hankali kamar wani ya hura masa numfashi. Can sai ƙanshi ya biyo baya, ɗumi-ɗumi, na kuka a tukunya. Gonaki suna wucewa jiƙe, belbelu suna bin masu huɗa. Ni kaina in na lumshe ido tsakar gidanta nake gani, da hayaƙin kara, da ita a durƙushe tana burga miya tana mita.

Wata rana muna jiran fasinja ya ce da ni, bai ko kalle ni ba, "Zuhra, ba cewa nake yi mai ɗakina ce ba. Na san inda take, ni na sa ta a kabari da hannuna. Amma Allah yana tuna mini da ita kowace safiya, ni kuwa na gode."

Tausayinsa ya kama ni har na rasa abin tsokana. Dukanmu mun san abin da yake zubawa a lagireto, amma ba wanda zuciyarsa ta yarda ta haɗa wannan da wancan.

Sai ranar da motar ta tafasa a hanyar Ajingi. Tururi ya turnuƙe, muka fito da gudu, muka yini a gindin tsamiya da kayanmu. Labari ya kai wa Hafizu, autansa da ke kasuwanci a Kano. Ya zo da kansa, ya durƙusa gaban ubansa ya ce, "Baba, don Allah ka haƙura da ita. Wata rana injin zai ƙone da kai a tsakiyar daji." Yaron gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushinsa. Har 'yan gwangwan ya kawo. Suka zagaye ta suna ƙwanƙwasa ƙarfe, ɗaya ya leƙa kujerar gaba ya ce soson ma zai yi amfani. Mun san aikinsu, gunduwa-gunduwa suke yanka mota. Datti ya roƙi arziki ɗaya: a bar Sadisu ya sake gwadawa kasuwa mai zuwa, in bai gano ba su zo su ɗauka.

Sadisu ya ce shi ya gaji da duba ta a tsaye, tunda a tsaye ba ta faɗin komai. Ya hau babur ya zo Kademi da sassafe, ya shigo baya ya zauna kusa da ni. An kwana ana ruwa, gari ya yi luf. Muka kama hanya. Hazon ya fara hawa gilashi, ƙanshin ya taso. Na ga Datti ya saki kafaɗa yana shaƙa, na ga Sadisu ma yana shaƙa, amma shi goshinsa ya tattare.

"Baba, ɗan tsaya."

Datti ya gangara gefe. Sadisu ya yi magana a hankali, kamar mai kai saƙon rasuwa. Ya ce motar nan don ƙasar sanyi aka ƙera ta. A bayan allon gaba, daidai saman ƙafar fasinja, akwai wani ɗan ƙaramin lagireto da ruwan inji ke ratsawa don ya ɗumama masu zama. A ƙasarmu ba wanda ya taɓa buƙatarsa, shi ya sa kowa ya manta da shi, har shi Sadisun. In ya tsufa ya huje, ba ya zuba sai inji ya yi zafi ana tafiya, kuma ciki yake zubawa, ba waje ba.

"Kukar da kake zubawa ce muke ji, Baba. Sai an buɗe ƙofar nan."

Datti ya daɗe riƙe da sitiyari. Wata kurciya tana ta kuka a kan gawo.

"In ka gyara, ƙanshin zai tafi?"

"Zai tafi, Baba."

"In ba a gyara ba fa?"

Sadisu ya sunkuyar da kai. "Motar ce za ta tafi."

Ya fito, ya zagaya, ya sa mukulli. Ƙofar ta ƙi, sai da ya ja da hannu biyu. Ya ɗauki mayafin ya miƙo mini. Da ya ɗaga dardumar, ruwa kore mai yauƙi ya tsiyayo. Buhunan sun jiƙe sharkaf, ƙarfen ƙasa ya yi tsatsa har ya huje, ta nan sauran ke bin hanya. A can lungu ƙarƙashin kujera ya zaro wani ɗan ƙullin tsumma. Irin kuɓewa ne, wanda ta sayo a kasuwarta ta ƙarshe don ta shuka a bayan ɗaki. Laima ta ratsa shi, wasu sun ruɓe, wasu sun tsiro farare sirara suna neman haske. Datti ya tsuguna a bakin hanya da ƙullin a tafin hannunsa, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Mu ma muka taya shi.

Gyaran kansa ba wani abu ba ne. Sadisu ya buɗe bonet, ya cire tiyo biyun da ke shiga ciki ya haɗa bakinsu, ya wanke lagireto, aka zuba ruwa mai tsabta. Muka je Ajingi muka dawo, allura ko motsi ba ta yi ba. 'Yan gwangwan ba su sake zuwa ba. Kuɓewar ya shuka ta a bayan ɗakin, kaɗan daga ciki sun kama.

Da wata kasuwar ta zagayo na fito da kayana, na tarar da ƙofar gaba a buɗe, an shimfiɗa sabuwar tabarma a ƙasa.

"Ke mai surutu," ya ce, "gwiwar nan taki ta isa haka. Dawo nan."

Na shiga ina ɗari-ɗari. Gilashi garau, ba hazo, ba abin da ke tashi sai warin fetur. Muka yi tafiya mai nisa. Wajen ƙauyen Balan akwai wani tsohon rami da ruwa ya ƙara wa faɗi, ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba.

"Datti, rami."

"Na gan shi," ya ce.

Ban ƙarasa sauran maganar ba, don ta Hanne ce, ba tawa ba. Ya rage gudu, ya kauce wa ramin a hankali, sannan ya faɗa da kansa, ƙasa-ƙasa.

"Ai shi ma ya gan ni."