Gyaran da Ya Ƙi Shiga Fayil

Ina zaune a ofishin asibiti ina jiran katina, ga wani bawan Allah a gaban kwamfuta, gemu ya fara furfura, wuyan riga sharkaf da gumi. Ƙafarsa na rawa kamar ta tela a kan keke. Takalminsa ya sha faci, ya kuma sha gogewa, da gani ya daɗe yana neman aikin nan.

Shugabarsa ta leƙo. "Ƙarfe biyu nake son jerin masu jiran tiyata a fayil ɗin XML. In babu, gwajinka ya ƙare."

Yana gyara ranakun tiyatar da ke cikin jerin, yana fitar da fayil, tsofaffin ranakun ne ke fitowa. Karo na biyar ke nan.

Na ce, "Ɗana, aljanu ne?"

"Iya, wannan yaren kwamfutar ba ya taɓa abu a inda yake. In ka ce gyara, sai ya haifo sabo, tsohon yana nan."

"To wanne kake zubawa a fayil ɗin, ɗan ko uban?"

Ya ƙura mini ido, baki buɗe, ashe uban yake ta zubawa. Sai yatsunsa suka faɗa wa madannan kwamfutar. Biyu saura minti uku. Ana ta kiran lambata, na ƙi tashi.